Filin Fasaha: Duniyar wasan bidiyo tana iya yin girman da zai kashe daɗinta?

Tambayoyin wannan makon kusan duk kan wasanni suka faɗa, kila don 'yan makaranta na hutu ne. Na ɗauki biyar. Masu tambayar WhatsApp da ya ƙi buɗewa da masu neman hotunan da suka goge, ku yi mini haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: "Salamu alaikum yaya. Gardama muke a fadarmu ta Ali Ɗan Sofo, yau ta fi sati. Abokina ya ce duk wasan da taswirarsa ta fi girma shi ya fi daɗi. Ni kuwa na sa wani cikin ordinater, na yi wata biyu ina yawo ciki, na gaji na goge shi ban ƙare ba. Ni ne ba ni da haƙuri, ko wasa na iya girma har ya gunduri mutum?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wa abokinka ya miƙo maka shayin farko, kai ka fi kusa da gaskiya. Amma kada ka shanye, ka rage masa, don shi ma yana da abin faɗi.

A 1996 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Daggerfall. Ƙasar da ke cikinsa ta kai murabba'in kilomita 161,000 da ɗoriya, kusan jihar Maradi huɗu ke nan in aka haɗa, da garuruwa da ƙauyuka da kogunan ƙarƙashin ƙasa wajen 15,000. Shekara 15 bayan haka, a 2011, kamfanin dai ya fitar da Skyrim, wanda duk faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 40 ba, wato kamar kilomita 6 a tsaye 6 a kwance. Da babur sai ka ratsa shi kafin butar shayinku ta tafasa. To ka tambayi duk wanda ya taɓa buga su biyun wanne ne yake tuna hanyoyinsa da duwatsunsa. Skyrim zai ce maka. A Daggerfall kusan ba mai takawa da ƙafa daga gari zuwa gari, taswira ake buɗewa a danna inda ake so a tsinci kai can, saboda tsakanin garuruwan ba komai sai itace ɗaya da aka maimaita sau dubu.

Dalili yana cikin yadda ake gina ƙasar. Hanya biyu ce. Ko dai mutane su zauna su dasa kowane dutse da kowace bukka da hannu, su san dalilin da ya sa suka ajiye ta nan, ko kuma a rubuta wa kwamfuta ƙa'idar lissafi a ba ta lamba ɗaya, ita ta yi ta haifar da tuddai da koramu ba iyaka. Wannan lambar ma "iri" suke ce mata, kuma sunan ya dace: ka shuka lamba ɗaya, duniya guda ta tsiro, in ka sake shuka lambar nan gobe ko a wata waya, duniyar nan dai za ta fito ba canji. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1984 wasu ɗaliban Kambirij guda biyu, David Braben da Ian Bell, suka cusa duniyoyi 2,048 cikin wasan Elite, a kan kwamfutar da ƙwaƙwalwarta kilobait 32 ce kacal, wadda ko hoto ɗaya na wayarka ba za ta ɗauka ba. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Ingila, Hello Games, ya kai abin maƙura da No Man's Sky, mai duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616. Na rubuta lambar cikakkiya ne don ka nuna a fada. In za ka tsaya daƙiƙa ɗaya tak a kowace, sai ka yi shekara biliyan 585. Amma da wasan ya fito, kukan da mutane suka fi yi shi ne, bayan duniya goma ko ashirin sai ka fara gane dabbar nan ita ce ta ɗazu, kai kawai aka sauya mata. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Sai da kamfanin ya shafe shekaru yana ƙara abin yi kyauta, gina gida, wasa da abokai, labari, sannan mutane suka dawo suna yabonsa. Lura fa: ba ƙara yawan duniyoyin ne ya ceto shi ba.

Ni abin da nake auna wasa da shi ke nan: in na saki hanya na tafi, minti nawa zan yi kafin in haɗu da abin da zai tsayar da ni? Waɗanda suka yi The Witcher 3 a Folan, wanda ya fito a 2015, sun bayyana cewa suna da ƙa'idar daƙiƙa 40, wato kada mai wasa ya wuce daƙiƙa 40 yana tafiya bai hangi wani abu da zai ja idonsa ba, ko da garken dabbobi ne ko hayaƙin wani ƙauye. Ka shiga babbar kasuwar Maradi ka gwada. Taku goma mai atamfa, taku goma mai ƙuli-ƙuli, can wani ya taka wani ana rabon faɗa, nan ga ɗan ajinku na firamare da ka shekara biyar ba ka gani ba. Ka yi awa uku ciki ba ka sani ba, alhali duk filin ba wani faɗi gare shi ba. Tenere ta ninka ta sau dubbai, amma wa ke zuwa can yawon maraice?

Yanzu ga rabon abokinka. Girma yana da daɗin kansa wanda ƙaramin wuri ba ya bayarwa. Akwai wani abu da mutum ke ji in ya hangi dutse can nesa, ya san in ya daure zai kai gindinsa, har ya hau. Kuma fili fayau ba aibi ba ne kullum, wani lokaci shi ne numfashi tsakanin faɗa da faɗa. Zelda: Breath of the Wild na 2017 babba ne ƙwarai, da sarari mai yawa, amma bai cika gundura ba. Daraktansa, Hidemaro Fujibayashi, ya ce da taswirar garinsu Kyoto suka auna nisan wurare, don ya san a jikinsa yadda tafiya daga unguwa kaza zuwa unguwa kaza take. Sannan suka riƙa jera tuddai da gangan suna tare ido, sai ka kewaya ko ka hau kafin ka ga abin da ke baya. Kowane tudu tambaya ce. GTA San Andreas na 2004 ma irin dabarar ce ta taimake shi, ko da yake shi larura ce ta sa: PlayStation 2 ba ta iya zana nesa, sai aka lulluɓe nesan da hazo. Mu da muka buga shi muna yara gani muke daga Los Santos zuwa San Fierro, birane biyu na cikin wasan, tafiya ce ta gaske. Da aka sabunta shi a 2021 aka ɗauke hazon, mutane suka hau dogon bene suka hangi ƙasar duka a tafin hannu, ashe ƴar mitsitsiya ce. Kamar ranar buji ce da hasumiyar masallacin unguwarku ke yi maka kamar tana wani gari.

Ina zargin wasan da ka goge ba fili ne ya kashe shi ba, aikatau ne. Akwai irin waɗanda in ka buɗe taswira sai ka ga alamomi kamar an watsa gero: sansani 60 iri ɗaya, akwati 200, hasumiya 30, kowanne sai ka je ka share. Ni ma na taɓa faɗawa hannun wani irinsu. Dare ɗaya wuta ta ɗauke, na zauna cikin duhu da manet a hannu, sai na tambayi kaina me na yi cikin awa biyun da suka wuce. Fuka-fukai na tsinta. Guda goma sha ɗaya. Ban tuna sunan mutum ɗaya cikin labarin ba. Da wuta ta dawo ban kunna ba. Masu yin wasannin su ma sun ji wannan koke. Assassin's Creed Valhalla na 2020 labarinsa kaɗai yana cin awa 60, sai ga shi wanda ya biyo baya a 2023, Mirage, an tattara shi kusan duka a birni ɗaya, Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ana gama shi cikin awa 15 zuwa 20, kuma da gajartar tasa aka yi tallarsa.

Saboda haka ba rashin haƙuri ba ne. Wasan da ya koma kamar noman ƙodago, gogewa ce maganinsa. In ka sake cin karo da irinsa, kafin ka goge, shiga saiti ka kashe alamomin taswira in yana ba da dama, ka bi labari kaɗai, ka ratse sai inda idonka ya so. Wasu wasannin sai a haka suke farfaɗowa.

Tambaya daga wani matashi a Tasawa: "Oga, wani mai tura fina-finai ya sa mini GTA 5 a salula, ya amshi jaka guda. In na buɗe sai ya ce in cika wani abu, ya kai ni wani shafi, talla ta yi ta fitowa. Wayata ram 3 ce. Ko girman wasan ne ya fi ƙarfinta?"

Ƙanena, jakarka dai ta tafi. GTA 5 ya fito a 2013 kan PlayStation 3 da Xbox 360, ya zo kwamfuta a 2015, amma masu shi ba su taɓa fitar da shi don Android ba. A kwamfuta yanzu wajen giga 100 yake nema. Abin da aka sa maka hoton farko ne na wasan aka manna wa manhajar talla, kuma wasu irinta suna neman izinin karanta saƙonni da lambobin mutane. Goge ta yau, ka shiga Play Store ka sa Play Protect ya duba wayar, in kuma ka rubuta kalmar sirrinka a shafin da ta kai ka, ka sauya ta. Bidiyon da kake gani ana buga GTA 5 a waya, mafi yawa kwamfuta ce ke gudanar da wasan a gefe tana turo hoton ta intanet, wayar allo ce kawai.

Amma tambayarka kan girman wasa tana da kyau, don mutane da yawa na zaton faɗin taswira shi ne nauyin wasa. Ba haka ba ne. Minecraft ya fi duniyar da muke ciki faɗi kusan sau bakwai, amma yana tafiya a ƙaramar waya, don lissafi ne ke haifar da ƙasarsa. Genshin Impact bai kai ko ƙurarsa ba a faɗi, amma ya haura giga 20, don zane ne da murya da kiɗa aka ɗura masa. Kuma ba wani wasa da ke ɗora duniyarsa duka cikin ram. Kamar mai tebur ne da ke da sito a baya: abin da ke kusa da kai ake ɗorawa kan tebur, kana matsawa ana kwashe na baya ana kawo na gaba. Ram ita ce teburin, ma'ajiyar waya ita ce siton. In teburin ƙarami ne, ko yaron da ke ɗauko kaya ba shi da sauri, sai ka ga kana gudu da mota hanya ta ɓace, gida ya faɗo gabanka daga sama, ko wasan ya rufe kansa. Shi ya sa sa babban wasa a kan katin memori mai araha ke ƙara masa sanyin jiki.

Cikin wasannin GTA na gaskiya da ke waya akwai San Andreas, tun ƙarshen 2013. Na kuɗi ne, yana cin giga 2 zuwa 3, kuma na manya ne, ba na miƙa wa ƙanne ba. Wayarka za ta ja shi in ka rage nisan hange da inuwa cikin saiti. Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, da garin nan ke haura digiri 40, waya na rage wa kanta gudu da gangan don kada ta ƙone, sai ka ga wasan da ke tafiya lafiya da asuba yana rarrafe da azahar. Cire mata riga, kada ka buga tana caji, kuma don Allah kada ka sa ta cikin firij ko ka jingina ta da randa. An kawo mini wadda aka yi wa haka, raɓa ta taru cikin allon.

Tambaya daga mai gidan wasa a Sabon Gari: "Malam, ina da PlayStation huɗu, yara na biya kowane wasa. Wasu na matsa mini in sa manyan wasannin nan na yawo. Riba ce ko asara?"

Alhaji, ga sana'arka asara ce, sai dai ka ware inji ɗaya ka riƙa sayar da shi da awa. Ƙwallo na da farko da ƙarshe, minti goma an tashi, wanda aka ci ya miƙa manet. Wasan yawo ba shi da inda zai ce wa yaro tashi. Ga rigimar ajiya: wannan ya kai mataki na 20, na bayansa ya zo ya ajiye nasa a kai, gobe sai ka raba dambe. In za ka sa, ka buɗe wa kowane abokin ciniki na kullum sunansa daban a injin.

Ka dubi abin da yaran ke bugawa a wayoyinsu ma. Free Fire mutum 50 ne a tsibiri, minti 10 an gama. Taswirar PUBG ta farko, Erangel, kilomita 8 ce kowane gefe da mutum 100, amma daga baya suka kawo Sanhok mai kilomita 4, suka sake kawo Livik mai kilomita 2 don masu waya. Kuma a cikinsu duka akwai wata da'ira da ke kewaye filin wasa, tana ta matsewa tana koro mutane wuri ɗaya. Wasannin da suka fi karɓuwa a garin nan, aikinsu shi ne rage duniyarsu minti bayan minti.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Zariya: "Ɗana ɗan shekara 11 kullum in na ce ya aje waya sai ya ce bari ya ƙare. Wasan gine-ginen nan ne na tubali. Yaushe yake ƙarewa?"

Hajiya, ba ya ƙarewa. Minecraft ke nan. Akwai wani dodo da in an kashe shi ake nuna rubutun kammalawa, amma ana gamawa sai a mayar da yaro gidansa ya ci gaba. Daga tsakiyar ƙasar zuwa bakin iyaka kilomita 30,000 ce, in ya miƙe yana tafiya ba barci ba tsayawa sai ya yi kwana 80. Saboda haka "bari in ƙare" ba ƙarya yake miki ba, ɗakin da yake ginawa yake nufi, sai dai bayan ɗaki akwai katanga, bayan katanga akwai rijiya.

Ki daina yin sharaɗi da ƙarewa, ki yi da agogo: daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, misali. Wannan wasan ana iya ajiye shi a kowane lokaci ba abin da zai lalace, kada ya ce miki zai yi asara. In wayar Android ce, akwai manhajar Google mai suna Family Link, kyauta ce, kina sa mata yawan mintoci a rana da lokacin barci, in ya cika wayar ta kulle kanta, kuma ba ya sauke sabon abu sai kin yarda daga taki wayar. Ni dai a ganina cikin wasannin da yara ke bugawa wannan na cikin masu dama-dama, gini ne da lissafi. Wata rana ki ce ya zagaya da ke gidan da ya gina, za ki sha labari. Ki dai tambaye shi ko shi kaɗai yake bugawa ko da baƙi ta intanet, wannan ne wurin sa ido.

Tambaya daga wani direban babbar mota: "Akwai wasan da Maradi ke ciki, in tuƙa daga nan zuwa Yamai?"

Maigida, ta sama akwai. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya ɗauki duniya ɗungurungum daga hotunan tauraron ɗan adam, bayanan da suka kai petabait 2, wato giga miliyan 2, shi ya sa ba a sauke su duka, ta intanet yake jawo yankin da kake bi. Za ka gane shimfiɗar gari da gulbi da tabkin Madarunfa, amma gidajen kwamfuta ce ke ƙiyasta su daga hoto, kada ka sa ran ganin ƙofar gidanka. Yana son inji mai ƙarfi da rezo mai kyau, kuma forfe ɗin waya ba zai jure masa ba.

Ta ƙasa kuwa, wanda ya fi kusa da sana'arka shi ne Euro Truck Simulator 2 na 2012, sai dai hanyoyin Turai ne. Su ma ba su yarda su bar hanya da tsawonta ba, sun matse ta kusan sau 19. Da za a yi wa tamu haka, tafiyar nan ta sama da kilomita 600, Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai ta koma kilomita 35, rabin awa ka shiga Yamai. An taɓa yin wanda bai matse komai ba, don barkwanci, sunansa Desert Bus: bas ce kake tuƙawa daga Tuson zuwa Las Begas a Amurka, kilomita 580, awa 8 cur, ba fasinja, ba kwana, ba a dakatar da shi, kuma sitiyarin na ja dama a hankali don kada ka saki. In ka sauka daga titi, janwe ya maido ka farko, shi ma a hankali. In ka isa lafiya, maki ɗaya ake ba ka, sannan a tambaye ka ko za ka juyo. Kai da ake biyanka kuɗin lodi, ban ga abin da zai kai ka can ba.